Ƙasar Tsakar Gidan Halilu

Akwai wani magidanci ana ce masa Halilu, a wani ƙauye da ke tsakanin Bukkuyum da Anka. Manomi ne, gero da dawa da ɗan wake. Matarsa Hure. Shekara tara suka yi da aure kafin Allah ya ba su haihuwa, 'ya mace, suka sa mata Barakatu. Lokacin da abin nan ya faru ba ta cika shekara biyu ba.

Mutanen yankin nan sun san gubar dalma. Ba labari suka ji ba. Shekarun baya ta kwashe yara a Yargalma da Sunke, har aka gano daga dutsen zinari take, wanda ake dakawa a cikin gidaje. Tun daga nan aka ware fili a bayan gari, aka ce duk mai daka ko niƙa ya tafi can.

Sai 'yan bindiga suka tare daji. Gona ta gagara zuwa. Filin bayan gari ma ya gagara, don an ɗauke mutum biyu a can da rana tsaka.

Halilu ya fara shigo da buhunan dutse gida. Ya ce na ɗan lokaci ne. Yana daka a turmin marigayiya mahaifiyarsa, a gindin dogonyaron tsakar gida, yana tankaɗewa a nan. Ɗan lokacin nan ya kai wata biyar.

Agwagin Hure ne suka fara mutuwa. Ɗaya bayan ɗaya, har bakwai. Halilu ya ce ciwon kaji ne.

Bayan su sai Barakatu. Amai, ƙin abinci, kuka ba dalili. Wata ranar kasuwa ta sandare a bayan uwarta, idanu suka juye. Aka kai ta asibiti a Anka. Aka auna jini, aka ce dalma ce. Sati uku tana shan magani, Allah ya tashi kafaɗunta.

Ranar sallama wata ma'aikaciyar jinya ta tsayar da Halilu a bakin ƙofa.

"Malam, ka saurare ni da kyau. Maganin nan ya rage abin da ke jininta. Bai taɓa wanda ke gidanka ba. Kada ka mayar da yarinyar nan sai an kwashe ƙasar gidan, an auna, an ce ta yi. Idan ta koma kan ƙasar nan, na biyu ya fi na farko muni."

Halilu ya ce ya ji.

Hure ta wuce Gummi da yarinya, gidan yayanta. Halilu ya koma ƙauye shi kaɗai, ya daina daka. Saura neman wanda zai gyara gida.

A ƙauyen akwai mai wannan aiki, sunansa Almustapha. Taubashin Halilu ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa. Tun suna yara suke wasa, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa. Almustapha ya rasa 'ya'ya biyu a shekarar da guba ta fara ɓarna. Da masana suka zo kwashe ƙasar garuruwa, ya shiga cikin leburorinsu, ya koyi aikin tun daga tushe. Da suka tafi bai bari ba. Ya tara mutum biyar, suna bin gidaje.

Ya zo da hantsi, ya yi sallama, ya tsaya a zaure yana ɗaure tsumma a hanci.

Halilu ya ce, "Ka ga bawana. Gidan ubangidanka kaka toshe ma hanci?"

"Ubangidan da agwagi sunka guje ma? Matsa in wuce."

Suka yi dariya. Daga nan Almustapha bai ƙara dariya ba. Ya zagaya gida a hankali. Ya durƙusa a gindin dogonyaro, ya shafa ƙasa da tsinke. Ya leƙa ɗakin Hure, ya duba tabarmi, ya duba saman katanga da bakin rumbu. Ya tsaya a kan turmi ya daɗe.

"Halilu, aikin gidanga kwana tara na. Mu yayyafa ruwa tukuna, don kada ƙura ta tashi. Mu kankare ƙasa kamu ɗaya, tsakar gida da ɗakuna duka. Mu zuba buhu, mu ɗaure, mu kai rami nesa da rijiya mu binne. Sannan mu kawo ƙasa mai kyau. Ɗaki a yi mai siminti. Tabarmi da katifa ba su komawa."

"To."

"Kafin mu fara, mai na'ura shi zo daga Anka shi auna. In mun gama shi dawo shi sake aunawa. Sai ya ce ta yi, sannan ɗiya ta shigo."

"Yaushe shika zuwa?"

"Ranar da hanya tay yi kyau. Ka ba shi sati biyu."

Halilu ya haɗe rai. Saura kwana goma sha biyu Babbar Sallah.

Almustapha ya nuna turmi da ƙafa. "Wanga ma rami za shi."

"Turmin Inna?"

"Awo. Ya sha guba. Ko ka wanke shi shekara ba ya hita."

"Kai ma ka ci tuwon da anka daka cikinai."

"Na ci. Allah shi jiƙan ta. Da tana raye ita za ta fara jefa shi."

Halilu ya ce, "Ita ƙasar da kaka binnewa, ka san mi ac ciki? Wata biyar ina daka a nan. Abin da yaz zube ba kaɗan ba na."

"Na sani. Akwai zinari. Akwai kuma abin da yak kai ɗiyarka Anka. Ba a raba su da hannu."

"Kai dai ka saba binne arzikin mutane."

"Na binne abin da yaf fi wanga, Halilu. Har biyu."

Halilu ya kau da kai, ya ce zai yi shawara.

Kwana biyu yana shawara. Yana dafa wa kansa, yana wanke kwano da kansa. A majalisa aka fara tsokana. Wani ya ce ko Hure ta yi yaji ne ake ɓoyewa. Wani ya tambaya wa zai soya masa naman layya. Halilu mutum ne da ba ya son a yi masa dariya. Abin ya ci masa rai fiye da yadda ya kamata.

Rana ta uku wasu baƙi suka shigo gari a kan babura uku. Su shida, duka da riguna kore iri ɗaya, da rubutu a baya. Shugabansu sunansa Manu. Ba ɗan yankin ba ne, cikin masu zuwa aikin zinari yake. Yana da fara'a, yana da baki. Ba wanda ya nuna masa gidan Halilu sau biyu.

"Ranka ya daɗe, maigida. Mun ji abin da ya samu 'yarka, Allah ya ƙara sauƙi. Mu kamfani ne na tsabtace gidaje. Mun yi aiki a Gummi, mun yi a Anka, gidajen manya."

Ya fito da waya ya nuna hotuna. Gidaje fes, bango fari, tsakar gida kamar an goge da hannu.

Halilu ya ce, "Kwana nawa?"

"Biyu. Idan ya yi yawa, biyu da rabi."

"Mai na'ura hwa?"

Manu ya yi murmushi. "Na'ura ta mutanen ofis ce, maigida. Mu idonmu ne na'urarmu. Shekara nawa muna cikin ƙasar nan? Daga nesa nake gane mai ciwo."

"Turmi?"

"Wannan? Kai, irin wannan icen yanzu ba a samu. Mu wanke maka shi da sabulu, mu shafa mai. Wa ya ce a yar?"

"Wani bawana."

"Allah ya shirye shi. Kuma ka ji, ba za ka ba mu komai ba. Ƙasar da muka kwashe ita ce ladanmu. Za mu tace, abin da ya fito a ciki mu ba ka kasonka. Gida ya yi tsabta, kai ma ka samu na Sallah."

Ga mutum biyu a gaban Halilu. Ɗaya ya ce kwana tara da jira, ka sayi siminti, ka yar da turmin uwarka, a binne ƙasarka. Ɗaya ya ce kwana biyu, kyauta, har da ƙari. Na farko ya ɓata masa rai. Na biyu ya kira shi ranka ya daɗe.

Bai tambayi Manu inda ya koyi aikin ba. Bai tambaye shi sunan gida ɗaya da ya gyara ba, balle ya aika a ji yadda yaran gidan suke. Bai tambayi kansa me ya sa mutum zai yi wa baƙo aiki kyauta ba.

Ya ce su fara gobe.

Washegari suka fara. Ba su yayyafa ruwa ba, don jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ta bin rariya. Suka kankare gindin dogonyaro da wurin tankaɗe, inda suka san akwai abu. Sauran gida suka bi da tsintsiya. Suka kafa rariya a tsakar gida suna tankaɗe ƙasa a bushe, cikin zafin bazara. Ƙura ta tashi ta rufe gidan. Ta sauka kan katanga, kan jinkar rumbu, kan igiyar shanya, ta shiga ɗakuna ta taga.

Almustapha yana dawowa daga masallaci ya hango ta daga bayan katanga. Ya shigo ba sallama.

"Halilu! Mi anka yi nan?"

"Aiki. Ba kai kaɗai ka iya ba."

"Wanga ba shara ta ba, wankin zinari na. Cikin gidanka sunka kahwa ma'aikata. Dubi ƙurar nan inda taka sauka!"

Manu ya matso yana goge hannu. "Malam, lafiya? Kowa da irin aikinsa."

"Ina za ku kai abin da yar rage?"

"Wannan tsakaninmu da maigida ne."

Halilu ya yi dariya da ƙarfi don baƙi su ji. "Kada ka kula shi, Manu. Taubashina na. Tun muna yara haka shike, in ya ga na samu sai cikinai shi murɗa."

Almustapha ya kama hannun rigarsa. "Ba wasa nika yi ba. Wallahi yau ba wasa nika yi ba."

"Kullum haka kaka cewa. Tahi, bawa, in an gama in kira ka ka ga yadda aka aiki."

Nan matsalar take. Tsakanin taubasai komai zafin magana ana iya cewa wasa ce. Halilu ya san ba wasa ba ce. Amma al'ada ta ba shi wurin ɓuya, ya ɓuya.

Almustapha ya saki rigar. Ya ce, "Gobe za mu wani gari bayan Anka, aikin gida huɗu. Sati uku za mu yi, kuma can babu sabis na waya. Abu guda nika roƙo. Ka bar Hure da ɗiya Gummi har in dawo. Ka yi min wanga."

"To, na ji."

"Ka ce ka yi alkawari."

"Na ce na ji."

Ya tafi da wannan.

Su Manu suka wanke lallausar ƙasar da suka tace a cikin kwanoni, a nan bakin magudanar gida. Suka ɗebi abin da suke nema. Sai ga tulin laka ya rage, mai laushi, mai santsi. Kwashe shi aiki ne, kuma babu riba a ciki.

Manu ya kira Halilu. "Maigida, ka taɓa wannan. Ka ji laushi? Me za ka yi da siminti? Bari mu yi maka daɓen ɗakin uwargida da shi. Idan ya bushe sai ka rantse tayil ne."

Halilu ya taɓa. Da gaske akwai laushi. Ya ce a yi.

Suka daɓe ɗakin Hure da lakar nan, suka yaɓe gindin bango da sauran. Suka watsa jan yashi a tsakar gida. Suka shafe katanga da farar ƙasa. Suka wanke turmi suka shafa masa man gyaɗa har yana ƙyalli. Suka kaɗe tabarmi suka mayar. Daga ƙarshe suka yayyafa wani ruwa mai ƙamshi a kowane lungu.

Rana ta biyu da la'asar suka gama. Manu ya miƙa wa Halilu ɗan ƙullin leda, a ciki akwai zinari kamar ƙwayar dawa biyu. Suka hau babura suka tafi.

Maƙwabta suka shigo kallo. Kowa ya ce gida ya yi kyau. Gaskiya ne, ya yi kyau. A garin nan ba gidan da ya kai shi haske a ranar.

Halilu ya kai zinarin wurin maƙeri a Bukkuyum, aka yi masa 'yan kunne ƙanana guda biyu. Saura kwana huɗu Sallah ya tafi Gummi ɗauko iyalinsa.

Hure ta tambaye shi tun a can. "Malam, an gama?"

"An gama."

"Almustapha yay yi?"

"An yi aiki na ce miki."

"Mai na'ura ya zo?"

"Hure, in kin je ki duba da idonki. In kin ga ƙazanta ko ta ƙwayar gero, ki dawo."

Ta zo ta duba da idonta. Ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da baki. Ta shiga ɗaki ta shafa daɓe da tafin hannu. Ta ce, "Kai, Almustapha ya iya aiki." Halilu bai gyara mata ba. Da ta ga turmi ta ɗan tsaya, ya ce an wanke shi da magani. Matan maƙwabta da suka shigo barka sun zaci ta san waɗanda suka yi aikin, ba wadda ta tayar da zancen.

Ya ɗauki Barakatu ya ɗora a cinya, ya sa mata 'yan kunnen da hannunsa. Yarinya ce mai surutu. Ta iya cewa Baba, ta iya cewa Inna, ta iya kwaikwayon kukan akuya. Idan ya yi sallama daga zaure, kafin ya rufe baki ta taho da gudu tana faɗuwa.

Aka yi Sallah lafiya. Majalisa ta yi shiru. Halilu ya aika wa masu tsokana da soyayyen nama.

Ɗakin Hure akwai sanyi, don haka a nan Barakatu take wuni. Tana rarrafe a daɓe, tana tashi, tana zama. Tuwo ya faɗi ta ɗauka ta ci. Ta gano wani wuri a gindin bango inda yaɓe ya fara ɓamɓarowa, tana ƙwaƙula da farce tana kaiwa baki, kamar yadda yara ke yi. Hure tana hanawa idan ta gani, amma ba da tsoro ba. An ce mata an gyara gida.

Sati na uku yarinya ta fara ƙin abinci. Ta yi amai sau biyu. Ta daina gudu zuwa zaure.

Hure ta ce, "Malam, irin na wancan karon na."

"Haƙori na. Duk yaro shina yi."

"Mu kai ta a duba."

"Bari a ga gobe."

Goben ce Almustapha ya dawo. Ko gidansa bai shiga ba, don tun a tasha aka gaya masa iyalin Halilu sun yi Sallah a gida. Ya tsaya da babur a ƙofa, ya shiga. Halilu yana gindin dogonyaro yana gyaran fartanya. Hure tana bakin ɗaki da yarinya kwance a cinya.

Hure ta ce, "Sannu da hanya. Ban samu na yi maka godiya ba, aiki ya yi kyau."

Almustapha ya dubi Halilu. Halilu ya dubi fartanya.

"Wane aiki, Hure?"

"Na gida."

"Ban taɓa ko tsinke ba gidanga."

Ya wuce ta ya leƙa ɗaki. Ya ga daɓe. Ya durƙusa ya karce shi da makulli, ya duba launin. Ya ga ramin da ƙananan farata suka yi a gindin bango. Ya miƙe a hankali.

"Halilu, da mi anka yi daɓen ga?"

Halilu ya ci gaba da gyaran fartanya.

"Da mi anka yi shi?"

"Da abin da yar rage."

Hure ba ta gane ba tukuna. Almustapha ya ce mata, "Ɗauko mayafinki. Kada ki ɗauki komi na ɗakin ga. Taho da ita yanzu."

Ba su kai zaure ba yarinyar ta sandare a hannunta.

A babur ɗin Almustapha suka tafi, shi da Hure da yarinya a tsakiya. Halilu ya ari wani ya bi su. Hanyar da aka saba bi ba ta biyuwa a ranar, an ce an ga mutanen daji a kanta da safe. Suka zaga ta wata. Tafiyar awa ɗaya ta zama uku. Sau huɗu jijjiga tana kama yarinyar a hanya.

A asibiti aka karɓe ta da gudu. Ma'aikaciyar jinyar nan ta farko tana bakin aiki. Da sakamakon jini ya fito ta zo ta samu Halilu a baranda. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, ya ninka na farko. Wa ya yi maka aikin gidan?"

Halilu ya buɗe baki. Sai ya ga bai san sunan kamfanin ba. Bai san garin Manu ba. Bai san sunan ubansa ba. Abin da ya sani kawai riguna kore ne.

Kwana shida Barakatu ba ta san inda take ba. Rana ta bakwai ta buɗe ido. Aka yi hamdala. Ta sha nono, ta sha kunu. Hure ta kira sunanta, ba ta juyo ba. Ta sake kira. Aka tafa hannu a bayan kanta. Aka saki kwano a ƙasa, duk ɗakin ya firgita, ban da ita.

Likita ya ce guba ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ya ce rai ya tsira. Ji kuwa, kada su sa rai da yawa. Ƙafar hagu ma sai an yi haƙuri.

Da likita ya fita, Hure ta sunkuya ta cire 'yan kunnen nan ɗaya bayan ɗaya. Ta kamo hannun Halilu, ta buɗe tafinsa, ta zuba masa, ta rufe.

Ta ce, "Ga kasonka."

Da aka sallame su ta koma Gummi.

Halilu ya dawo ƙauye. Kwana biyu bai fita ba. Rana ta uku da safe ya ji ana sauke kaya a ƙofar gida. Almustapha ne da mutanensa biyar, da shebur da baro da buhuna da jarkokin ruwa. Tare da su akwai mai na'ura daga Anka. Ba wanda ya aika a kira su.

Mai na'ura ya bi gida yana dangwala ta a ƙasa yana rubutawa. Tsakar gida, ƙarƙashin jan yashi, akwai. Kan katanga akwai. Bakin rumbu akwai. Da ya shiga ɗakin Hure ya ɗora a daɓe, ya duba, ya ɗaga, ya sake ɗorawa. Ya fito ya tambaya ko a ɗakin ake niƙa dutse.

Almustapha ya ce, "A'a. Nan ɗiya taka kwana."

Aikin da zai ci kwana tara ya ci goma sha shida, don su Manu sun kai gubar inda da ba ta kai ba. Aka fasa daɓe. Aka kankare bango. Aka sauke jinkar rumbu. Gidan da ya fi kowane haske ya koma kamar kango.

Duk kwanakin nan Almustapha bai kira shi bawa ba ko sau ɗaya. Bai ce na gaya maka ba. Idan zai yi magana sai ya ce, Halilu kawo ruwa, Halilu riƙe buhu. Wannan ya fi zagi ciwo.

Wata rana suna ɗaure buhu Halilu ya ce, "Don Allah ka zage ni. Ko sau guda."

Almustapha bai ɗago ba. "Ɗaure bakin da kyau. Kada ta zube hanya, akwai ɗiyan mutane."

Ranar ƙarshe Halilu ya ɗauki turmin mahaifiyarsa a ka, ya kai bakin rami da kansa, ya jefa. Ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yan kunnen. Ɗaya daga cikin ma'aikata ya ce ai wannan zinari ne, babu guba a jikinsa. Halilu ya ce ya sani. Ya jefa su, ya ɗauki shebur ya fara turawa.

Mai na'ura ya dawo ya auna ko'ina, ya ce ta yi. Gidan bai yi kyau ba. Ƙasa ce kawai ja, da siminti mai kaushi, ba fenti ba ƙamshi.

Bayan wata biyu Hure ta dawo, bayan yayanta ya zo ya ga takardar awo da idonsa. Tana yi wa Halilu abinci, tana amsa gaisuwarsa. Idan ya ce mata an yi abu, sai ta tashi ta je ta tambayi wani.

An ce an ga masu riguna kore a wajen Zugu, suna nuna hotuna a waya. Halilu ya hau babur ya bi hanyar nan mai haɗari, ya tsaya a ƙofar masallacinsu bayan azahar ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Wasu sun ji. Wasu sun ce hassada ce.

Barakatu yanzu ta shekara huɗu. Tana tafiya tana jan ƙafa. Kalmomin da ta iya sun tafi. Har yau idan Halilu ya dawo yakan tsaya a zaure ya yi sallama da ƙarfi, ya kira sunanta, ya ɗan jira. Tana zaune a tsakar gida, ta ba ƙofa baya, tana wasa da ƙasa mai tsabta. Sai ya zagayo ta gabanta ya durƙusa, sannan ta san ya dawo.

Darasi: Wanda za ka ba gyaran gidan da 'ya'yanka ke kwana, kada ka zaɓe shi don riga ko hoto ko daɗin baki. Ka tambayi inda ya koya, ka je gidan da ya taɓa yi, ka ji inda zai kai abin da ya kwashe, ka bari a auna. Idan ya ce kyauta ne, ka nemi abin da yake so a gidanka. Ido ba ya ganin dalma, kuma mai gaya maka abin da ba ka so ba maƙiyinka ba ne. Ku tura wannan ga duk wanda aka taɓa daka dutse a gidansa, tun yaransa suna amsa kira.